Diyyar Ƙwaya: Wa Zai Faɗi Inda Za a Kashe Kuɗin?

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Filinge da ƙasar Kurfai baki ɗaya, yau shafinmu zai yi magana a kan ƙwayar nan da ake kira tramol, da kuma kuɗin diyya. A ƙasar Amurka, an kai ƙarar kamfanonin da suka cika gari da magunguna irin wannan. Kamfanonin sun amince su biya kuɗi masu ɗimbin yawa. Da kuɗin suka fara fitowa, sai wata tambaya ta taso. Wa zai faɗi inda za a kashe su? Ma'aikatan da ke zaune cikin biro, ko mutanen da masifar ta shiga gidajensu? Irin wannan tambaya ta taɓa tasowa a Kano. Mu ma ta shafe mu, domin ƙwayar tana cikin kasuwanninmu da gonakinmu.

Ƙwayar da ta shigo gona

Sunan tramol na likita shi ne tiramadol. A ƙasar Jamus aka fara haɗa shi a 1962, aka soma sayar da shi a 1977. Magani ne na kashe ciwo mai tsanani, kamar na wanda ya karye ko wanda aka yi wa aiki a asibiti. A hannun likita yana da amfani ƙwarai. Likita yakan ba da ƙwaya mai lamba 50 ko 100, kuma ba ya bari babban mutum ya wuce 400 a yini ɗaya. Amma wadda ake sayarwa a kan tebur ko cikin jaka, sau da yawa lambarta 120 ce, ko 200, ko 225, har 250. Ƙwaya biyu na irin wannan suna iya zarce abin da likita ya yarda a sha daga safe har dare.

Kowa ya san abin da ke kai manomi ga ƙwayar. Daminarmu gajera ce. Daga saukar ruwa sai shuka, sai noman fari, sai maimai, duka cikin ƴan makonni. A daidai lokacin nan ne rumbu ke yin ƙasa. Ɗan barema yana son ya gama gonar wani ya koma tasa. Mai amalanke yana son ya ƙara sawu ɗaya kafin rana ta faɗi. Saurayin da ya tafi bida kurmi, ko wurin haƙar zinari na Jado, yakan tarar abokan aikinsa suna sha, shi ma ya koya, ya komo gida da ita. Ana ce masa maganin gajiya ne, maganin ƙarfi ne.

Ba ta tsaya ga mutane ba. A 2013 wasu masana suka ce sun samu tiramadol cikin saiwar itacen tafashiya a arewacin Kamaru, har aka yi zaton itacen ne ke yin sa. A 2014 wasu masanan suka sake bincike. Suka gano manoman wurin suna sha, suna kuma bai wa shanun huɗa don su daɗe suna aiki cikin rana. Fitsari da kashin dabbobin ne suka shiga ƙasa, saiwar itace ta tsotsa. Ku duba yawan ƙwayar da za a sha kafin ƙasa kanta ta ɗauka.

Yawan da ke ratsa ƙasarmu ba kaɗan ba ne. A watan Satumba na 2017 an kama fiye da ƙwaya miliyan 3 a Nijar, cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙarya. A Nijeriya, binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4 da dubu 600 sun sha irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba. Mafi yawan ƙwayar daga Indiya take fitowa. Indiya ta tsananta dokarta a kan tiramadol a 2018. Sai wasu masu haɗa magani suka koma ga wata ƙwaya mai suna tafentadol, wadda ta fi ƙarfi, suna gauraya ta da wani maganin sake jijiya. A watan Fabrairu na 2025, bayan wani binciken gidan BBC, Indiya ta hana haɗa wannan gauraye.

Yadda take kama mutum

Tramol ba ya ƙara wa jiki ƙarfi. Yana toshe kunnen jiki ne kawai, mutum ya daina jin gajiya da ciwo, alhali gajiyar tana nan tana cin sa. Yana kuma kashe sha'awar abinci. Bayan ɗan lokaci ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Ran da bai samu ba, jiki ya ɗauki ciwo, gumi ya karyo, zawo ya kama shi, barci ya gagara, zuciya ta yi ƙunci. Daga nan ya daina sha don aiki, ya koma sha don gudun wannan azaba. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani.

Idan ƙwayar ta yi yawa, takan jefar da mutum ƙasa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Takan kuma rage numfashi har rai ya fita. Wanda ya ga haka ya kwantar da mutumin a kan gefensa. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa ko nono, don yana iya shaƙewa. A kai shi gidan likita nan take, a kuma faɗa wa majo gaskiyar abin da ya sha. Wanda ya daɗe yana sha kuma yana son bari, ya je gun likita a rage masa sannu a hankali. Ɗaure shi da mari ko dukansa ba ya fitar da ciwon.

Ga wani ɗan lissafi na misali. Mu ɗauka mutum yana kashe dala 40 kullum wajen ƙwaya. A wata ɗaya jika 6 ke nan. A wata 12 ya zama jika 72. Kuɗin nan sun isa sayen tunkiya mai kyau, ko buhun hatsi biyu da kaka.

Yadda kamfanoni suka biya a Amurka

A 1996 wani kamfanin Amurka mai suna Purdue Pharma ya fito da ƙwayar kashe ciwo da ake kira OxyContin. Danginsu ɗaya da tramol, amma ta fi shi ƙarfi nesa. Kamfanin ya riƙa gaya wa likitoci cewa ba ta cika kama mutum ba. Likitoci suka yi ta rubutawa. Manoma, maƙera, masu haƙar kwal da direbobi masu ciwon baya suka yi ta sha. Da yawa suka kamu, wasu suka koma ga ƙwayoyin bayan fage da suka fi kisa. Daga 1999 zuwa 2021, fiye da mutum dubu 600 suka mutu a Amurka ta sanadin wannan dangin ƙwaya. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu.

Jihohi da garuruwa dubbai suka shigar da ƙara. Suka ce su ne suka ɗauki nauyin marasa lafiya da marayu, don haka a biya su. A 2021 da 2022 aka yi babban sulhu. Kamfanin Johnson & Johnson da manyan dillalan magani uku, McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, suka amince su biya miliyar 26 na dalar Amurka. A lura, wannan dala ba irin tamu ta kasuwa ba ce. Guda ɗaya tana daidai da ɗaruruwan sefa. Dillalan za su biya nasu kason cikin shekara 18. Daga baya manyan kantunan magani suka bi sahu, jimilla ta haura miliyar 50. A 2025 kamfanin Purdue da iyalan Sackler, masu shi, suka amince su biya fiye da miliyar 7.

Tun kafin kuɗin su iso, mutane suka tuna da wani abin da ya faru. A 1998 kamfanonin taba sun yi irin wannan sulhu da jihohi 46, a kan miliyar 206 cikin shekara 25. Ba a gindaya wa jihohin sharaɗi ba. Kuɗin suka shiga baitulmali, aka yi hanyoyi da su, aka biya basussuka. A shekaru da dama, abin da jihohin suka kashe wajen hana shan taba bai kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suke samu ta hanyar taba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka a sulhun ƙwaya aka rubuta cewa aƙalla kashi 85 cikin 100 sai a kashe su wajen magance ɓarnar ƙwayar.

Rubutu a takarda bai wadatar ba. Ƴan jarida sun gano wuraren da aka sayi motocin ƴan sanda da kayan gidan kaso da kuɗin, alhali masu ciwon suna jiran gadon asibiti. A wasu wuraren kuma ba a bayyana wa jama'a lissafi ba sam. Iyayen da suka binne ƴaƴansu suka tashi suka ce sai an ji ta bakinsu.

Inda aka saurare su, abin ya yi kyau. A jihar Karolina ta Arewa, kashi 85 cikin 100 na kuɗin suna zuwa kai tsaye ga gundumomi da garuruwa, jiha ta riƙe 15. Kowace gunduma sai ta kira taro aƙalla sau ɗaya a shekara, ƙofa a buɗe ga kowa, kuma ana baje lissafin abin da aka kashe a intanet. A jihohi da yawa an kafa majalisar shawara, aka ba waɗanda suka taɓa kamuwa da danginsu kujera a ciki. A irin waɗannan tarurruka ne hukuma ta ji abin da ba ta gani daga biro. Wani yana son magani amma ba shi da abin hawa zuwa asibiti. Wata ba ta da mai riƙe mata yara in ta tafi. Wani ya warke, ya rasa aiki da wurin kwana, ya koma gidan jiya. Mutane suka nemi a wadata gari da nalokson, maganin da ke maido da numfashin wanda ƙwaya ta shaƙe. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya faru a Kano

Ba sai mun je Amurka za mu ga darasin diyya ba. A 1996, shekara ɗaya bayan babbar annobar sanƙarau da ta auka wa Nijar, cutar ta ɓarke a arewacin Nijeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin. Wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran.

Gwamnatin jihar Kano ta kai ƙara. A 2009 aka yi sulhu a kan miliyan 75 na dalar Amurka. An ware miliyan 35 don yaran da iyayensu, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 don kuɗin shari'a. Kamfanin da gwamnati ne suka naɗa kwamitocin da za su kula da kuɗin. Aka ce duk mai neman diyya sai an yi masa gwajin ƙwayoyin halitta don a tabbatar ɗansa yana cikin yaran. Iyaye da dama suka ƙi yarda da wannan sharaɗi, rigima ta ƙara tsawo. Sai a watan Agusta na 2011 aka biya iyalai huɗu na farko, kowanne dalar Amurka dubu 175, kusan miliyan 80 na sefa a canjin lokacin. Shekara 15 ke nan bayan rasuwar yaran.

Labarin Kano ya nuna cewa jiha ɗaya ta Afirka tana iya tsayawa gaban babban kamfani har ya biya. Ya kuma nuna cewa in aka tsara rabo ba tare da masu abin ba, kuɗi suna fitowa amma zukata ba su kwanta ba. Rashin yardar da ya biyo bayan gwajin yana cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003.

Mu fa a ƙasar Kurfai?

Diyyar Amurka ta mutanen Amurka ce, ko tamma ɗaya ba za ta zo Filinge ba. Amma kuɗin yaƙi da ƙwaya suna iya zuwa ta wasu ƙofofi: kasafin gunduma, taimakon ƙungiyoyi, tarar da kotu ke ci, ko gudummawar ƴaƴanmu da ke zaune a Yamai da kurmi. Ko daga ina suka fito, tambayar ɗaya ce. In ba mu shirya amsa ba, wani zai amsa a madadinmu.

Shawarar jama'a a kan kuɗi ba baƙuwa ba ce gare mu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka amince jama'a su sa hannu cikin tafiyar da gidajen likita. Nijar ta gwada tsarin a 1993 a Boboye da Sayi, daga baya ya game ƙasa. Daga nan muka samu kwamitin kula da gidan likita, wanda ake kira kojes. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Akwatinsu yana da makulli a hannun mata daban-daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Muna da bankunan cimaka. Mun ga waɗanda suka ɗore, mun ga waɗanda suka mutu don mutum biyu ko uku sun riƙe makulli da littafi su kaɗai. Wannan sani ya ishe mu jari.

Su wa ya kamata su zauna

In za a yi taron shawara a kan kuɗin yaƙi da ƙwaya, mai gari da liman da majo dole su zauna. Amma su kaɗai ba su isa ba. A kira uwaye da matan aure, don su ne ke ganin hatsi yana ɓacewa daga rumbu, su ne ke kwana ido biyu. Mace ba ta sakin baki gaban surukinta, don haka a yi wa mata nasu zaman daban, a kawo abin da suka faɗa cikin babban taro. A kira samarin fada, da masu amalanke, da ƴan kabu-kabu. A kira malamin dabbobi, shi ya san abin da ake bai wa jakai da shanu. A kira wanda ya taɓa sha ya bari. Shi ya san ƙofar shiga, shi ya san ta fita. A ba shi tabbacin cewa maganarsa ba za ta kai shi hannun jandarma ba, kuma ba za a yi masa gori ba.

A sa taron bayan girbi, lokacin da mutane suka samu sarari. A yi magana da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, yadda kowa zai ji. Kada a manta da mutanen rugage da tungaye, daga Shikal zuwa Tukunus, daga Bonkuku zuwa Damana.

Abin da ya kamata kuɗin su yi

Jama'a ne za su yanke, amma ga abin da aka ga ya yi amfani a wasu wurare. Na farko, magani kusa da gida. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, ga tsadar mota, ga rashin tsaro a hanya. In aka koya wa ma'aikatan asibitin Filinge da na ƙananan gidajen likita yadda ake kula da mai wannan ciwo, talaka zai samu sauƙi. Ƙasar Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu shan ƙwaya a Dakar a 2014, ta nuna abin yana yiwuwa a yankinmu.

Na biyu, sana'a ga wanda ya warke. Ruwa bai da zurfi a kwarin Dallol. Fili kaɗan na noman rani, ko rago biyu na turka, sun fi dogon wa'azi riƙe saurayi. Na uku, rage wahalar da ke kai mutum ga ƙwaya. Bankin cimaka da ke buɗewa da damina yana sa manomi ya shiga gona da fura a ciki. Gayya tana raba nauyin noma. Na huɗu, faɗakarwa a gidan rediyon gari da makarantu, tun yaro bai ɗanɗana ba, domin rigakafi ya fi magani.

Kama masu fataucin ƙwaya aikin hukuma ne, kuma akwai ma'aikatar OCRTIS da duwan da jandarmomi don haka, da nasu kasafin. Kuɗin da aka ware don masu ciwo kada su tafi ga sayen mota, ko perdiyam, ko taron otel a birni.

Daga ƙarshe, lissafi. A rubuta nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ya karɓa, me aka yi. A manna takardar a ƙofar gidan likita. A karanta ta da ƙarfi a dandali duk wata uku. Wanda ya iya karatu ya duba da idonsa, ya karanta wa maƙwabcinsa. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ce, haƙƙin mai dukiya ne.

Ga tambayoyi da za ku tattauna a fada, a wurin asusu, ko bayan sallar la'asar. Gida nawa ne a garinku wannan ciwo ya shiga? Ina ake kai wanda ƙwaya ta kayar? Su wane ne membobin kojes na gidan likitanku, kuma yaushe suka karanta muku lissafi na ƙarshe? In gobe aka kawo wa garinku jika dubu don yaƙi da ƙwaya, me za ku fara yi da su? Ku rubuta amsarku, ku ajiye ta gun mai gari, ku kai kofi ɗaya gidan likita. Tun ran gini ake zane.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana samarinmu, ya ba mu damina mai albarka.